Filin Inna: Ina aka kai jinin ɗana?

Wasiƙun wannan mako uku ne, dukkansu daga kudancin Damagaram. Masu su ba su san juna ba, amma da na baje su a tabarma na karanta sai na ga abu ɗaya suke kewayawa. Ta farko ce ta fi tsaya mini a rai, a kanta zan daɗe.

*Assalamu alaikum Inna. Ni mace ce mai 'ya'ya huɗu, a wani ƙauye cikin ƙasar Dungas. Ƙanena da ke lakwal ne ya rubuta mini wannan. Bayan girbi wasu ma'aikata suka zo garinmu da mota, maigari ya tara mu, aka ce za a duba lafiyar yara. Lokacin maigidana ya tafi cin rani Kano. Suka auna ɗana mai wata 20, suka soki yatsarsa, suka tatsi jini cikin wata 'yar kwalba da ba ta fi ƙwallon dabino ba, suka sa a akwatin sanyi. Na dangwala hannu a takarda. Nan take suka ce ba shi da masassara, jininsa ma da dama. Sauran jinin kuwa suka tafi da shi, yau wata biyar shiru. Da maigida ya dawo ya ji labari sai ya yi fushi, ya ce na sayar da jinin ɗansa. Uwar mijina kuma ko tari yaron ya yi sai ta ce ai an tsotse shi. Wani ma ya ce da jinin zomo ake gauraya shi. Ƙanena ya duba takardar da suka bar mini, da Faransanci take, ya ce akwai bitamin A da wasu haruffa, RBP da CRP. Inna, me suka yi da jinin ɗana? Na cuce shi ne? Ko barcin kirki ba na yi.*

*Wata uwa, daga karkarar Dungas*

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki fara riƙe wannan da kyau: ba ki cuci ɗanki ba. Yaro mai nauyin kilo 10 yana da jini kusan kashi uku cikin huɗu na lita a jikinsa. Abin da ake tatsa daga yatsa bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba, kuma jiki na mayar da shi yaron bai ma sani ba. Duk ranar da ya faɗi ya fasa leɓe yakan zubar da wanda ya fi wannan. Tarin ba daga nan ya fito ba. In ya daɗe, ko kika ga numfashinsa na sauri, ki kai shi likita don tarin kansa.

Yanzu bari in kai ki inda jinin ya je, don haruffan nan da ƙanenki ya karanta sun faɗi komai.

Bitamin A abincin ido ne da fata da garkuwar jiki. Idan yaro ya ci ƙwai ko hanta ko man shanu ko ganye, jiki yakan tsame bitamin ɗin ya kai shi hanta ya ajiye. Hanta ita ce rumbunsa. To amma bitamin A dangin mai ne, jini kuwa ruwa ne, kin kuma san yadda mai ke yi a kan ruwa. Ba zai iya fita daga rumbu ya bi jini shi kaɗai ya isa ido ba. Sai Allah ya hore wa hanta ƙera masa abin hawa, wani ƙanƙanin furotin mai rami a cikinsa daidai zaman bitamin ɗin. Ki ɗauke shi kamar jakin da ba ya ɗaukar buhu biyu, ɗaya tak yake ɗauka. Shi ne RBP. Don tsananin ƙanƙantarsa, da shi kaɗai yake tafiya da ƙoda ta tace shi ya bi fitsari, shi ya sa yake yawo a ɗaure da wani furotin da ya fi shi girma, wanda rariyar ƙoda ba ta iya zubarwa. A 1968 ne wani likita mai suna DeWitt Goodman da abokan aikinsa suka fara ware shi daga jinin mutum, a Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok.

Idan rumbu ya yi ƙasa ƙwarai, hanta ba ta sakin jakunan wofi, takan tsare su a gida sai kaya ya samu. Saboda haka wanda ya tsaya bakin hanya yana ƙirga jakunan da ke wucewa, ya san kusan buhu nawa ke fita. Auna bitamin ɗin kansa na bukatar na'ura mai tsadar gaske da jinin da ya fi wannan yawa, ga shi haske na lalata shi a hanya. Jakin ya fi juriya, kuma ɗigo kaɗan ya isa. Wannan ne dalilin da masu bincike a ƙasashe irin namu suka fi son ƙirga shi.

To yaya za a ƙirga abin da ko madubin likita ba ya nuna shi, a cikin jinin da ke ɗauke da furotin iri-iri ba iyaka? Nan maganar zomo ta shigo. Wanda ya faɗa miki ya tsinci guntun gaskiya ne ya karkatar da ita.

Jikin mutum da na dabba, idan baƙon abu ya shige shi, yakan ƙera masu kama wannan baƙo. Sunansu antibodi. Kowanne abu ɗaya kawai ya sani, kamar Bafulatanin da zai shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya nuna saniyarsa cikin dubu bai yi kuskure ba. Su ne dalilin da yaron da ya yi ƙyanda ba ya sake yin ta. Masana suka ga haka suka yi dabara: a ɗauki tataccen RBP na mutum ɗan kaɗan a yi wa zomo ko akuya allura da shi. A wajen zomon wannan baƙo ne, sai jikinsa ya ƙera masu kama shi. Su ake tacewa a zuba a kwalba, a kai ɗakin gwaji.

A can akwai wani farantin roba kamar tafin hannun babban mutum, mai gurbi 96 a jere kamar gidajen dara. Ana manna antibodi a gindin kowane gurbi. Sai a ɗiga ruwan jinin yaro ɗaya a gurbi ɗaya, bayan an sirka shi sosai. Antibodi su cafke RBP, su bar sauran. A wanke, duk abin da ba a kama ba ya tafi. A zuba antibodi na biyu, mai ɗauke da wani sinadari da ke sauya launin ruwa, shi ma ya manne wa jakin ta ɗaya gefen. A ƙarshe gurbin ya yi launi. In jakuna na da yawa launin ya yi kauri, in kaɗan ne ya yi fari-fari, wata na'ura ta karanta kaurin ta mayar da shi lamba. Wannan hanya ana kiranta ELISA, tushenta aikin da Eva Engvall da Peter Perlmann suka fitar a 1971 a ƙasar Suwidin. Ragowar jinin ko a ƙona shi ko a ajiye a sanyi, gwargwadon abin da aka rubuta a takardar da kika dangwala. Ki lura: abin zomon a faranti ya tsaya. Babu abin da ya koma jikin ɗanki.

Kin ma daɗe da sanin antibodi, sunan ne baƙo. 'Yar robar nan ta gwajin masassara da ake ɗiga wa jini a jira layi ya fito, su ne a cikinta, suna kama wani furotin na ƙwayar cutar cizon sauro. Abin gwajin ciki ma haka yake aiki.

Sai maganar shiru na wata biyar. Wannan gwaji na ƙirgar gari ne, ba ya iya yanke hukunci a kan yaro ɗaya, saboda abu biyu. Hanta mai rufin asiri ce: ko rumbu ya kai rabi, ko ya wuce rabi, tana ci gaba da sakin jakuna yadda ta saba, sai ya kusa ƙarewa ake ganin sun ragu. Yaro na iya kasancewa a bakin rashi jininsa ya nuna lafiya lau. Na biyu kuma, da zarar zazzaɓi ko gudawa ko ƙyanda ta kama yaro, hanta takan rage sakin jakunan ko da rumbu cike yake, kamar yadda ake tsayar da fatake in hanya ta yi rashin lafiya. CRP ɗin da ƙanenki ya gani shi ne mai gaya wa masu bincike cewa wannan jiki yana cikin faɗa da cuta, kada a ɗauki raguwar a matsayin yunwa. In aka haɗa sakamakon yara ɗaruruwa, aka kuma yi la'akari da CRP, sai a ga halin da yanki ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce inda yara ƙanana 20 cikin 100 ko fiye suka faɗi ƙasa da ma'auni, matsalar ta yi tsanani a wurin. Irin wannan lissafi hukuma ake kai wa don ta san inda za ta tura magani da abinci. Abin da ya shafi ɗanki shi kaɗai, masassara da yawan jini, shi suka faɗa miki a ranar.

Amma wannan bai wanke su ba, kuma ba zan ɓoye miki ɓacin raina ba. Duk abin da na rubuta a nan, haƙƙinki ne a faɗa miki shi da Hausa kafin a taɓa yatsar yaron: me za a auna, ina za a kai jinin, wane sakamako zai dawo, wane ne ba zai dawo ba, kuma kina iya cewa a'a ba tare da an hana ɗanki magani gobe ba. Takarda da Faransanci a hannun wadda ba ta karanta shi ba ta zama bayani ba. Taron maigari ma bai maye gurbin yardar uwa da uba ba. Da an yi minti goma ana yi miki wannan bayani, da ba ki yi wata biyar kina juyi a shimfiɗa ba.

Maigidanki kuwa, kada ki ɗauke shi jahili. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A Kano inda yake cin rani, a 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200. Goma sha ɗaya sun mutu, iyaye da dama suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan labari yana nan a bakin mutane, kuma duk mai zuwa da allura da takarda a ƙasar Hausa da shi yake gamuwa. Bambancin shi ne a can an ba yara abu sun sha ko an yi musu allurarsa, a nan kuwa ɗigo aka ɗauka aka duba. Sai dai ina jin abin da ya fi ci masa rai shi ne an yi abu a kan ɗansa yana nesa, ya dawo ya ji a bakin mutane. Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ba gaban uwarsa ba. Ki ce masa, "Maigida, da kana nan da kai za a tambaya, ka yi haƙuri." Sannan ki roƙe shi ku je tare da takardar wurin majo, wato shugaban likitar da ta fi kusa da ku. A irin wannan takarda akan rubuta sunan masu binciken da lambar wayarsu, kuma bincike irin wannan sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa da ke Yamai. Shi da bakinsa ya tambaya, majo ya karanta masa. In ya gamsu, shi zai fi ki iya kwantar wa mahaifiyarsa hankali. Ke kada ki yi musu da ita, tsoron jikanta ne ke sa ta magana.

Kuma kada ki jira wani sakamako kafin ki cika rumbun ɗanki. Ƙwanson nan da ake yanke wa baki a matse wa yara a lokacin rigakafi, bitamin A ne, shuɗi na 'yan wata 6 zuwa 11, ja na 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, kusan kowane wata shida. Binciken da Alfred Sommer ya jagoranta a ƙauyukan Aceh na Indunusiya, wanda aka buga a 1986, ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku inda aka ba da shi, kuma Nijar ta haɗa rabonsa da rigakafin shan inna tun 1997. Ki duba katin yaron ki ga yaushe ya sha na ƙarshe. Ga mangwaro ya shigo, ki ba shi nunanne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ya fi zogale tsura, don sai da maiƙo hanji ke ɗaukar bitamin ɗin. Ganyen miya kuma a inuwa ake shanya shi, rana na cinye amfaninsa.

*Inna, barka da aiki. Ni saurayi ne ɗan Magarya. Na gama karatun aikin gwaje-gwaje na labo a Damagaram shekara biyu ke nan, ban samu aiki ba. Yayana da ke haƙar zinariya a arewa ya aiko mini da kuɗi ya ce in ja jari. Na ga kamfanoni a intanet suna sayar da antibodi na gano RBP. A garinmu ban san mai auna bitamin A ba, ga yara masu tamowa ko'ina. Ina so in saya in buɗe ɗan wuri in riƙa yi wa mutane gwajin. Mahaifina ya ce in sayi tumaki in yi kiwo. Wa zan bi?*

*Ɗanki, daga Magarya*

Ɗana, na ji daɗin wasiƙarka, don da ka ga yaran garinku sai ka tuna da karatunka. Amma kada ka sayi kwalbar nan.

Ka koma shafin ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Za ka ga an ce don bincike kawai, ba don duba marar lafiya ba. Ma'anarsa kamfanin bai ɗauki alhakin ko sakamako ɗaya da za ka ba wani uba ba. Sannan antibodi ba gwaji ba ne, ƙusa ɗaya ce daga cikin kayan ginin. Kana bukatar biyu da aka tabbatar suna aiki tare, ɗaya ya kama, ɗaya ya nuna, ba tare da sun yi rububin wuri ɗaya a jikin furotin ba. Wani an yi shi ne don RBP na ɓera, wani don ɗan'uwansa da ke zaune cikin ƙwayoyin halitta, alhali wanda ke yawo a jini shi ne mai lamba 4. Wani yana gane furotin ne bayan an warware shi da zafi da sinadari, in ya gamu da shi a naɗe yadda yake a jini sai ya wuce shi. Wanda aka tato daga zomo yakan bambanta daga wannan zubi zuwa wancan, don zomaye ba ɗaya suke ba. Wanda ke fitowa iri ɗaya kullum shi ne na hanyar da Georges Köhler da César Milstein suka gano a Kambirij ta Ingila a 1975, wadda ta kai su ga kyautar Nobel a 1984, shi ma sai ka gwada shi da hannunka kafin ka yarda da shi.

Ka ƙara da na'urar karanta faranti, da abin awon ɗigo, da tsaftataccen ruwa, da samfurin da aka san adadinsa wanda za ka riƙa auna kanka da shi. Ka ƙara da sanyi. Kayan nan a tsakanin digiri 2 da 8 suke zama, wasu a daskare, kai kuwa ka san Afrilun Magarya ya wuce 40 a inuwa, ka kuma san yadda wuta ke ɗaukewa. Kwalbar da zafi ya kashe ba ta wari, ba ta sauya kama. Za ta ci gaba da ba ka lambobi, kai kuma ka ci gaba da miƙa wa mutane.

Ko da duk wannan ya samu, akwai abin da ya fi shi nauyi. Yaran da kake son aunawa su ne waɗanda gwajin ya fi yi wa ƙarya. Mai tamowa hantarsa ba ta da isasshen furotin da za ta ƙera RBP, rashin zinki ma na rage shi, masassara na rage shi. Kai ganau ne a kan abin da ke faruwa daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbunan gero suka yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a asibitin Magarya a 2005, kuma a damanar 2018 an kai ga kwantar da yara sama da 700 a lokaci guda. Ka auna irin waɗannan yara, kusan duk za su nuna ƙasa. Sannan me zai sauya? Abincin gyaɗar nan na leda da ake ba masu tamowa da bitamin A a cikinsa. Mai ƙyanda ana ba shi bitamin A kwana biyu a jere ba tare da an jira gwaji ba. Za ka karɓi jikkunan uwa ka ba ta lambar da ba ta ƙara wa ɗanta komai ba, kuma na san ba don haka ka yi karatu ba.

Ilimin nan yana da wurinsa. Akwai cibiyar CERMES a Yamai, akwai Epicentre a Maraɗi, akwai Jami'ar André Salifou a Damagaram. Binciken abinci da lafiya a karkara ba ya tafiya sai da masu hannu irin naka: mai iya ɗaukar jini daga yatsar jariri ba tare da ya matse ta ba, ya raba ruwan jinin a kan lokaci, ya liƙa lamba daidai, ya tsare sanyi har a isa. Ka sake karanta wasiƙar da ke sama da taka. Abin da ya rasa a ƙauyen matar nan shi ne mutum ɗaya da ya san aikin, ya kuma iya durƙusawa ya yi wa uwa bayani da harshenta. Kai kana da duka biyun. Ka haɗa takardunka ka kai, ka nemi ko aikin sa kai ne a labon asibiti don hannunka kada ya yi sanyi. In wata rana ka samu izinin hukuma ka buɗe naka wurin, ka fara da abin da ke sauya magani a ranar: awon yawan jini, duban masassara a madubi, gwajin amosanin jini.

Kuɗin yayanka kuwa, gumin rami ne. Ka bi maganar mahaifinka, ka sayi tumakin tun Layya na da nisa, ka ware kaɗan na mota da takardu. Ka kuma kira yayan naka ka faɗa masa yadda ka yi da su.

*Inna, ina da ciki wata bakwai, na uku ke nan. Da magariba ta yi sai gani ya gagare ni, in riƙa laluben ƙwarya da hannu, shekaranjiya har na yi tuntuɓe da turmi. Da rana kuwa garau nake gani. Abokiyar zamana, Allah ya saka mata da alheri, ta ce dundumi ne, ta kawo mini jan ƙwanso biyu irin na yara ta ce in matse a baki. Ban sha ba tukuna. Wata kuma ta ce haka ciki yake, in na haihu zai wuce.*

*Ɗiyarki, daga wajen Wacha*

Ɗiyata, kin yi daidai da ba ki sha ba. Kada ki sha. Abokiyar zamanki ta gane ciwon, kuma niyyarta mai kyau ce, ki gode mata, amma jan ƙwanson nan awo 200,000 ne a cikinsa, mai ciki kuwa ba a wuce mata 10,000 a rana ko 25,000 a mako. Bitamin A mai yawa a lokaci guda na iya taɓa halittar ɗan da ke ciki, musamman a watannin farko, don haka ba a ba mai ciki irin wannan. Ku mayar da su likita.

Wadda ta ce ki jira haihuwa ma kada ki bi ta. A bayan ido akwai wani sinadari da ke kama haske mai rauni, da bitamin A ake yin sa. Dundumi na nufin rumbunki ya kai gindi, don a watannin ƙarshe ɗan yana ɗiba da yawa. Ke ba ki bukatar wani faranti ko antibodi, idonki ya riga ya ba da sakamako. Ba ke kaɗai ba ce kuma. A 2014 da 2015 masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Davis tare da ƙungiyar Helen Keller sun auna jinin mata masu ciki a ƙauyukan jihar Damagaram, RBP na cikin abin da suka duba, suka samu mafi yawansu da ƙarancin jini, da yawa kuma bitamin A ɗinsu ya yi ƙasa.

Gobe ki je awo, kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Ki faɗa wa sashfam, wato ungozomar likita, da bakinki cewa ba kya gani da dare, don in ba ki faɗa ba ba za ta gani a fuskarki ba. Akwai ƙaramin awo da ake ba masu ciki na wasu makonni, ita za ta tsara miki, ta kuma duba yawan jininki. In kika ga wani farin abu kamar kumfa a gefen baƙin idon, ko idon ya bushe ya yi hazo, wannan ba ya kwana, a ranar za a tafi.

Iyayenmu da ke gasa hanta su ba mai dundumi sun san abin da suke yi. Ki sa maigida ya riƙa sayo miki ranar kasuwa, ɗan yanki kamar tsinken tsire ɗaya sau ɗaya a mako ya isa, kada ki wuce haka, kuma ki gaya wa sashfam kina ci don ta lissafa da shi. Sauran kwanaki ƙwai, nono da man shanu a hura, kabewa a miya, zogale da mai, mangwaro ko gwanda. Kafin idon ya dawo, ki gama aikin wuta da ɗaukar ruwa tun rana ba ta faɗi ba, ki roƙi abokiyar zamanki ta riƙa kama miki na dare, a kuma kawar da turmi da igiyoyin dabbobi daga hanyar bayan gida. In Allah ya sauke ki lafiya, dakashin nan mai ruwan ɗorawa na kwanakin farko kada a matse shi a zubar, a sa jaririn a nono tun sa'ar farko, don jarirai da ɗan ƙaramin rumbu ake haifarsu kuma dakashi ne ke fara zuba masa.